Bangon da Baba Ya Hana a Fasa

Nura da Kabiru, da ku nake. Na san rubuta tarihin rayuwa aikin masu furfura ne, ni kuwa ko talatin ban kai ba, amma ba zan zauna jiran furfura ba. Ranar sadakar arba'in ɗin Baba ina daga cikin gida na ji wani a ƙofa yana cewa, Allah ya jiƙan Malam Sule, mutumin kirki, sai dai taurin kai ya cinye masa gida. Kuna zaune a wurin, na hango ku kun sunkuyar da kai. Kai Nura daga baya har ka same ni kana tambaya wai da gaske ne Baba ya hana a gyara gidanmu har ya faɗi. Da gaske ne, ya hana. Amma wanda ya ba ku rabin magana ya cuce ku. Lokacin kuna firamare, ba abin da ke gabanku sai ƙwallo da bin masunta a bakin kogi. Ni ina tsaye a wurin, saboda haka ga sauran maganar.

Gidan nan kakanmu ne ya gina shi da tubali, a layin da ya gangara wajen kogi, inda in ka hau soro kana hango gada da motocin shanu ranar Juma'a. Bangonsa mai kauri ne, rufinsa azara, ga indararo ta kowace kusurwa. Ko ana tsakiyar zafi, ka shiga ɗakin Inna sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwan randa. A cikinsa aka haifi Baba da ƙaninsa Baffa Habu, a cikinsa aka haife mu duka. Ni sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa Baba bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa, Baffa kuma ya ce Tsohuwa don ya tsokane ni. Da wannan sunan na samu bakin da nake faɗa wa Baba abin da ko Inna ba ta iya faɗa masa. Inna ta sha cewa shi ya ɓata ni. Wataƙila haka ne.

Abin da ba ku sani ba game da gidan ƙasa shi ne ba a gama gina shi. Kowace shekara in bazara ta kama, kafin hadarin farko, sai an yi masa yaɓe. A layinmu ba mai ɗaukar magini saboda wannan, gayya ake yi, yau gidan wane, jibi na kusa da shi, har a zagaye layin. Maza su haƙo ƙasa, a zuba mata ruwa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, sannan su naɗe wando su shiga su tattake ta da ƙafa. Kafin a ɗora sabuwa sai an bi bango da fartanya an kankare duk inda ya yi laushi, musamman gindinsa inda ruwa ke lasa. A cike, a ƙara masa gindi, a shafe da makuba, ruwan kwasfar ɗorawa, don ruwan sama ya riƙa zamewa. Mu mata namu koko da ƙosai da safe, tuwo da rana. Ranar gayyar gidanmu ita ce ranar da na fi so a shekara, har ta fi mini sallah, saboda surutu.

“Tsohuwa,” in ji Baffa daga kan tsani, taɓo har gemu, “wannan ƙosan ke kika soya ko matar Yaya?”

“Ni ce. Me ya yi?”

“Ba abin da ya yi. Miƙo mini guda biyu in toshe wannan ramin, sun fi tubali ƙarfi.”

“Baffa, wanda ya cinye kwano guda shi ke wannan magana?”

Haka ake yi har la'asar. Baba ba mai yawan dariya ba ne, amma ranar yana yi.

Sai damina ta canza hali. Ba sai rediyo ya gaya mana ba, da idonmu muka gani. Ruwa ya makara, a yi shuka ta ƙone, a sake. In kuma ya tashi zuwa sai ya juye na wata guda a yini ɗaya. Kogi ya cika ya batse, a ce kuma an sako ruwa daga dam can sama, ya haɗu da na sama su shigo gari tare. Shekarar da na gama sakandare ruwa ya shigo layinmu har gwiwa, ya ƙi janyewa. Gidaje suka zube, har da na maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Namu ya tsaya, sai dai ruwan ya bar masa zane a jiki. Aka kwashe waɗanda suka rasa gida aka zuba su a azuzuwan firamare. Baba ya je yi wa Malam Ɗanjuma jaje, ya tarar da matarsa, dattijuwa wadda ko zaure ba ta leƙawa, tana durƙushe a filin makaranta tana hura wuta, masu babur suna wucewa suna kallo. Da ya dawo bai ci abinci ba. Ina kwashe kwanon na ji ya ce, ba da ni yake ba, da kansa yake:

“In ina numfashi, uwar yaran nan ba za ta yi girki a titi ba.”

Ku riƙe wannan maganar. Duk abin da ya biyo baya daga cikinta ya fito.

Bayan ruwa ya janye wani saurayi ya zo taron ƙungiyar manoma da bayanin inshora. Ba zan kira sunansa ba, ba kuma zan zage shi ba, don bai yi mana ƙarya ko sau ɗaya ba. Ya ce tasu irin ta taimakekeniya ce, ba ruwanta da riba, kowa ya zuba wani abu a asusu ɗaya duk shekara, wanda gidansa ya faɗi a ɗiba a tayar masa. Baba kun san ya yi shekaru yana masinja a ofis kafin ya koma gona gaba ɗaya, mutum ne da ya yarda da takarda mai hatimi. Duk da haka sai da ya je ya tambayi liman, liman ya ce in dai haka take ba laifi. Ya sayar da shinkafa ya biya na shekarar farko, bai ji nauyinsa sosai ba. A layinmu shi kaɗai ya shiga. Baffa ya bi gari yana cewa Yaya ya saya wa gida laya, saura ya rataya masa ita a wuya. Baba ya ƙyale shi.

Da shekara ta zagayo saurayin ya dawo a kan babur, suka zauna a zaure. Baba ya kira ni in zauna daga bakin ƙofa, don ni ke karanta masa duk saƙon da ya shigo wayarsa. Kuɗin ya tashi, tashi ba kaɗan ba.

“Yaro,” in ji Baba, “gidan nan bai ƙara ɗaki ba, bai ƙara tsawo ba. Me ya ƙaru?”

“Ruwa ne ya ƙaru, Baba. Wallahi ba mu muka so ba. Da, a cikin gidaje masu yawa ɗaya ne zai faɗi, sai a haɗu a tayar da shi. Yanzu layi guda ke tafiya lokaci ɗaya, kuma duk shekara. Asusun ba ya ɗauka. Gidan ƙasa a bakin kogi shi ya fi kowanne tsada a wurinmu.”

“To wanne ne mai sauƙi?”

“Na bulo. Ko kuma na ƙasa da aka shafe da siminti ciki da waje. Shi muna sa shi a sahun waɗanda aka inganta, kuɗinsa ya fi sauƙi.”

Juma'ar da ta biyo baya Baba ya ja ɗaya daga cikin shanun huɗarsa zuwa kara. Inna ta ba da awakinta ba tare da an roƙe ta ba. Aka kawo magini ya shafe gidan da siminti tun daga zaure har bayan gida, aka yi masa fenti shuɗi. Ku kanku kun tuna wannan, don kun yi ta kawo abokanku su gani. Mutane suka riƙa tsayawa suna cewa gidan Malam Sule ya zama na bulo. Ni ma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na gaji da share ƙasar da ke zubowa daga bango. Ba wanda ya ce kada a yi. Ina so ku ji wannan da kyau, domin masu cewa taurin kai yau, a lokacin sambarka suka yi ta yi. Bazarar nan da gayya ta zagayo, aka tsallake gidanmu, ba abin da za a yaɓa. Baba ya je na kowa kamar kullum, amma a tsakar gidanmu ba a dama koko ba. Inna ta ce gidan ya yi kyau, sai dai ya yi shiru. Damina ta zo, ruwa ya sake shigowa layi ya kwanta a gindin bango kwana da kwanaki, ya janye. Gidan yana tsaye yana sheƙi. Baba ya shafa bangon ya ce da Baffa, “Ka ga layar tawa?”

Abin da ba mu sani ba, bangon ƙasa yana shan ruwa ta ƙasa, rana kuma ta busar da shi ta jiki. Mun rufe masa jiki. Ruwan ya shiga, ya rasa hanyar fita.

Da rani ne na gane. Ina so in ɗaura igiyar shanya, na ɗauko ƙusa da dutse na nufi bangon gabas, wanda ɗakin Inna ke jingine da shi. Bugu ɗaya na ji ya amsa mini kamar na bugi ƙwarya. Na matsa gaba na ƙwanƙwasa, haka. Na duba ƙasa, sai ga wata 'yar tsaga a gindin bangon, ƙasa mai laushi kamar gari tana zubowa, tururuwa na fita da ita. Baba yana alwala, ban jira ya gama ba, na ce Baba zo ka ji. Ya zo ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Ya bi bangon tun daga wannan kusurwa har waccan, yana bugawa yana kara kunne, ya zaga ɗakinsa, ya zaga zaure. Wani wurin ya amsa a cike, wuri da yawa ya amsa a fanko. Ya koma ya sake alwalar daga farko, don ya manta inda ya tsaya.

A cikin watan nan saƙon sabuntawa ya shigo waya. Na karanta, na sake karantawa, na ce ko idona ne. Kuɗin ya kusa ninkawa, da simintin da komai. Saurayin ya zo da kansa, yana ta sunkuyar da kai. Ya ce yanzu duk bakin kogi an mayar da shi sahu ɗaya mai tsada, kuma gidan ƙasa tsura sun daina karɓa ko nawa mutum zai biya. Namu yana ciki ne kawai albarkacin simintin. Duk ranar da Baba ya kawo kuɗi za a ɗauki hoton gidan a sabunta, muddin shafen yana nan.

A nan Baba ya yi abin da nake so ku gaya wa duk wanda ya ce ya so ya cuci kamfani. Ya kama hannun yaron ya kai shi bangon gabas.

“Ƙwanƙwasa ka ji. Ba na son ranar da abu ya faru a ce na ɓoye.”

Yaron ya ƙwanƙwasa, ya ji, sannan ya ce:

“Baba, a ƙa'idarmu ba a ce a ƙwanƙwasa ba, hoto aka ce. In ka biya kana ciki. Amma don Allah a janye gadon Inna daga jikin bangon nan.”

A ranar aka janye shi.

Labari ya kai wa Baffa, don ni na kai masa. Ya zo bayan la'asar, ko gaisuwar kirki bai tsaya sun gama ba. Suka zauna a zaure, ni ina bakin ƙofa, Inna tana daga ciki inda take jin komai.

“Yaya, na yi magana da mutanen layi, kowa ya yarda. A fasa simintin nan gaba ɗaya, a bar bangon ya sha rana, a kankare ruɓaɓɓen, a cike. Gidanka za mu fara yi bana. Ko sisi ba za ka kashe ba, sai kokon Tsohuwa, shi ma mun yafe ƙosan.”

Ba wanda ya yi dariya.

“In na fasa,” in ji Baba, “sun cire ni ke nan. Ba komawa.”

“To su cire ka mana! Da su aka gina gidan?”

“Habu, in tambaye ka. Ɗanjuma ya taɓa tsallake yaɓe?”

Baba bai jira amsa ba, ya ci gaba:

“Ko shekara ɗaya ya taɓa tsallakewa? Kai da kanka kake cewa gindin bangonsa ya fi na kowa a layin nan. Ina gidan yake yau? Ruwan da yaɓe ya sani ba shi ke zuwa yanzu ba. In na fasa na yaɓa, ruwa ya zo irin wanda ya cinye na Ɗanjuma, gidan ya tafi, ba ni da kowa sai ku, ku kuma kuna can kuna kwashe naku. In na bar shi na biya, ko ya faɗi za a tayar mini. Ina da albasa a rumfa. Kafin ruwan farko za ta yi tsada, in sayar in biya.”

Ni ban iya haƙuri ba, kun sani. Na ce, “Baba, takarda ba ta riƙe azara. In ya faɗo a kanmu wa za a tayar wa gidan?”

Inna ta ce daga ciki, “Ke! Da ubanki kike.”

Baba ya ɗaga hannu. “Bar ta. Uwata, na ji ki. Ba wanda zai kwana a jikin bangon nan, na yi miki alkawari. Amma ki gaya mini, in na bi taki, kin lamunce mini ruwan bana?”

Ban lamunce ba. Wa zai lamunce? Na tashi na bar wurin ina huci, na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba na kallon fuskarsa. Har yau ina ganin da an fasa. Amma har yau ban samu amsar tambayarsa ba, kuma duk masu surutu a ƙofar gida ba wanda ya samu.

Sai zafi ya zo. Tsofaffin layinmu sun ce ba su taɓa ganin bazara irin wannan ba. Kaji suna faɗuwa a inuwa, ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Albasar da Baba ya jera a rumfa, wadda duk shekara take kai wa har ta yi daraja, ta fara ruɓewa daga ciki. Wari ne ya fara gaya mana. Ni da Inna muka zauna muna tsincewa, ka ɗauki guda kyakkyawa a ido ka matsa sai ruwa. Tulin da muka zubar ya fi wanda muka ajiye. Baba ya kwashi ragowar ya kai kasuwa a lokacin da kowa ke kwasar tasa yana kaiwa don tsoron ruɓa, aka saya a wulaƙance. Ya sayar da kekensa. Ya sayar da rediyon da yake jin labarai. Sa ɗaya ya rage, in ya sayar da shi ba huɗa, ba huɗa kuwa ba abinci. Abin da ya tara bai kai ba. Saurayin ya je ya roƙa a karɓi rabi a jira rabi, aka ce ba a yi wa bakin kogi haka. Gayya ta fara zagaya layi. Baffa ya sake zuwa ya tsaya a ƙofar zaure, ko zama bai yi ba.

“Yaya, hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ba a fasa a makon nan ba, ba a kuma fasawa.”

“Ba ni 'yan kwanaki. Akwai wanda ya yi mini maganar sayen gonar fadama.”

Mai sayen ya zo ya ga inda ruwa ya kwanta bara, ya ce zai yi shawara. Bai dawo ba. Ruwan farko ya sauka ranar wata Laraba da hantsi. Daga ranar magana ta ƙare, domin bangon da aka buɗe a cikin damina narkewa zai yi. Muka shiga damina ba yaɓe, ba inshora. Baba ya samo itatuwa ya tokare azarar ɗakin Inna, ya mayar da mu duka ɗakinsa da zaure, shi yana kwana a bakin ƙofa. Kullum da safe kafin ya tafi gona sai ya zaga yana ƙwanƙwasa bango.

Cikin marka abin ya faru, da rana tsaka, bayan azahar. Tun jiya ake ruwa bai ɗauke ba, kogi ya shigo layi. Baba yana can bakin layi da sauran maza suna jera buhunan yashi. Ina tankaɗe a zaure, sai Inna ta ce in tsaya. Muka kasa kunne. Wani sauti ne a cikin bango, kamar ana juye hatsi daga buhu. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, “Ɗauki Kabiru.” Ta fizgi hannun Nura, muka fita cikin ruwa ko mayafi babu. Muna tsaye a tsakiyar layi gidan ya zauna. Ban san yadda zan faɗa ba sai haka, zama ya yi, kamar tsohon da ƙafa ta gaza. Ba wata ƙara mai yawa. Bangon gabas ya fara, ɗakin Inna ya bi, azara suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya. Da ƙurar taɓo ta lafa, sai ga fuskar gidan tana tsaye, ɓawon siminti shuɗi da ƙofar zaure a jikinsa, bayansa kuwa ba komai sai tudun laka. Wanda ya biyo ta titi zai rantse gidan lafiya lau yake. Ko masu zagayen duba ɓarna da suka zo daga baya sun wuce mu, sai da Baffa ya bi su ya jawo su ta baya.

Baba ya iso da gudu, ya ƙirga mu da ido, ya sake ƙirgawa. Ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya juya ya kalli gidan.

Gidan Baffa ruwa ya cika shi, ba wurin mu. Firamare aka kai mu, aji ɗaya da wasu iyalai, aka raba da zannuwa. Da yamma ta yi kuka fara kukan yunwa. Inna ta samo duwatsu uku da aron tukunya, ta fita filin makaranta, don ba a hura wuta a aji. Ta durƙusa tana hura jiƙaƙƙen itace, hayaƙi na shiga idonta, masu babur suna wucewa a titi. Ina riƙe da ludayi na ga Baba ya taho. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya tsaya tsakanin Inna da titi, ya buɗe ta da hannu biyu kamar mai shanya. Haka ya tsaya har tuwo ya nuna. Bai sauke hannu ba. Inna ta ce, “Malam, ka zauna, ba komai.” Washegari ya samo kara ya kewaye murhun da zana, amma wannan yammar ita ce ba na mantawa. In na ji an ce taurin kai, ita nake gani.

Saurayin inshora ya zo jaje da 'yar shinkafa a leda, daga aljihunsa. Ya kasa haɗa ido da kowa. Ya ce shi ma an ɗauke shi daga bakin kogi, don ba sauran mai iya biya a can. Baba ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi iyayensa, ya raka shi har bakin babur.

Mutanen layi sun so su yi gayya su tayar mana, ban manta musu ba. Amma kogi ya cinye bayan filin, inda ɗakin Inna yake ya zama gaɓa. Muka kama hayar ɗakuna biyun nan na kan tudu da kuka ƙarasa girma a ciki, bulo da kwano, da rana kamar tanda. Gidan Baffa da aka yi wa yaɓe ya tsallake wannan shekarar. Damina ta gaba ya tafi, da yaɓensa da makubarsa. Baffa bai taɓa ce wa Baba na gaya maka ba, Baba ma bai taɓa ce masa ka gani ba. Su biyun sun fi masu zaman ƙofa hankali.

Duk bazara Baba bai daina gangarawa gayya ba, a 'yan gidajen da suka rage. Ya naɗe wando ya shiga taɓo da tsufansa. Baffa ya gaya mini in an tashi, aka zo ambaton gidan da za a yi gaba, in layi ya biyo ta kan filinmu, Baba ne ke cewa, “A tsallake,” ya je ya wanke ƙafa.

Ciwonsa na ƙarshe kuna makarantar kwana, ni na yi jinyarsa tare da Inna. Ya rame, magana ta ragu. Amma hannunsa bai huta ba. Yana kwance sai ka ji yana ƙwanƙwasa bangon ɗakin hayar da bayan yatsa, yana kara kunne. Kunnen kuma ya riga ya yi nauyi. Wata safiya hadari ya haɗu, ya kira ni.

“Uwata, zo ki ji mini. Ni ba na ji sosai. Wannan a cike yake?”

Bulo ne, ya sani, na sani. Na durƙusa na ƙwanƙwasa, na kara kunne kamar yadda yake yi, na matsa gaba na sake ƙwanƙwasawa har kusurwa.

“A cike yake, Baba.”

“Har can gindi?”

“Har gindi.”

Ya lumshe ido.

“To, a mayar da gadon Innarku nan ɓangaren.”